Fiffike na Shida

Tun kafin allurar zafi ta hau ja
kunnena ya riga ya ji.
Bututun hayaƙi da ya saba furzar da ruwa,
fal, fal, kamar tsoho mai kurkure baki,
yau tari yake yi, busasshe.
Na kashe janareta. Shiru ya sauko
a kan Dalcahue da jiragenta,
ga kifi kwando tara a firji,
ƙanƙara ta soma gumi.

Inji yana zaune a bisa teku,
ƙishirwa tana neman ransa.

Kawu Baldomero ya sha faɗa mini:
"Eduvigis, bi ruwa, kada ki bi zato.
Tare shi a ƙofar da ya shigo,
ki raka shi har inda zai fita."

Na durƙusa, tocila a baki.
Na rufe famfon gindin jirgi, na kwance matata:
ciyawar teku, 'yan ƙumba uku,
da ledar alewar wani yaro.
Na wanke, na mayar, na buɗe, na tayar.
Tarin dai.

To, ba nan gizo ke saƙa ba.
Noti huɗu ne a murfin famfo.
Ɗaya ya suɓuce ya faɗa baƙin ruwa,
na lalube shi har gwiwar hannu
ina faɗin abin da ba a faɗa a ƙofar coci.
Ga farfelar roba, ta ƙone, ta sandare.
Na ƙirga fikafikanta da farce: biyar.
Da shida ta zo duniya.

Akwai sabuwa a gwangwanin shayi.
In shafa mata sabulu, in zura, minti goma an gama.
Aladino sai duban agogo yake,
wai kasuwa ba ta jiran kowa.
Amma fiffiken da ya ɓalle bai bar jirgin nan ba.
Yana can gaba, ya laɓe a wani lungu,
yana jiran daren da gaɓa ta ɓace mana.

Na sassauta tiyo, na bi sawunsa
har tukunyar da ruwa biyu suke gaisawa
ba su taɓa haɗuwa ba:
na gishiri a cikin siraran bututai,
na daɗi a waje, wannan yana miƙa wa wancan zafi
ta kan katanga, irin ta maƙwabta.
Gishiri ya yi dandazo a bakin ramuka.
Sandar tutiya, wadda aka sa don teku ta ci
ta ƙyale sauran ƙarfe,
saura ɗan guntu kamar ruɓaɓɓen haƙori.

Sai ga shi.
Baƙi, bai kai farcen babban yatsana ba,
ya toshe ramuka uku shi kaɗai.

Ruwan tsami, siririyar waya, sabuwar tutiya.
Gwiwoyina sun mutu, shayina ya huce.
Na ɗaure komai, na buɗe famfo, na murɗa makulli.
Ɗaya, biyu. Tari. Biyar. Tari. Takwas,
fal!
Aladino ya leƙa gefen jirgi ya saki ihu.

Kawu ya kurumce shekara uku ke nan.
Yana zaune a kan akwatin kifi a bakin tasha,
bai ji inji ba, ruwan ya gani.
Ya ɗaga mini yatsu shida, yana tambaya.
Na ɗaga masa guntun roba
tsakanin yatsu biyu masu baƙin mai.
Ya gyaɗa kai, ya koma ɗinkin komarsa.