Kujerar Mage

A tashar Jahun, da hantsi,
na shiga bas da kwando a cinya.
Yaron mota ya leƙa ciki, ya ja da baya:
"Baba, mage? Ai ba ma ɗauka."

Awaki biyu na ɗaure a kan rufi,
ƙarƙashin kujera kaji sun kai goma,
daddawa a buhu tana gaishe da kowa,
ba wanda ya ce kanzil.
Su kaya ne, in ji shi, kasuwa za su.
Ita wannan fa?

Wajen 'yata za ta, a Dutse.
Ta Lantana ce. Shekara tara
tana kwana gindin rumbu, tana gadin gero.
Tun da muka kai Lantana makwancinta
ta ƙi cin komai daga hannuna,
sai ta hau tabarmar sallarta, ta zuba wa ƙofa ido.

Wata mai goyo ta ce idon nan tsoro yake ba ta.
Direba ya ce rana na yi.

Na ciro dubu guda: kujera ɗaya, tata.
Aka kwashe da dariya har da tafi.
Yaron ya karɓa yana sosa ƙeya.

Kafin Kiyawa ta turo murfi, ta fito da kai,
ta ɗora haɓa a gwiwar mai goyon nan.
Matar ba ta ture ta ba.
Ni kuwa na juya wajen taga,
wai ina ƙirga gonakin riɗi.