Tumunin Mwanakombo

Shekara talatin ina tsugune a gaɓar Jambiyani,
ina ɗaure ciyawar teku a jikin igiya, reshe bayan reshe,
ruwa bai taɓa wuce mini ƙugu ba.
In ya janye mu bi shi,
in ya juyo mu tattara mu ba shi wuri,
kamar yadda ake kauce wa mahaukacin unguwa.

Sai ruwan gaɓa ya soma ɗumi.
Ciyawa ta yi fari, tana zagwanyewa a hannu kamar tsohon zane.
Aka ce sanyi ya yi ƙaura can ciki,
inda ƙafa ba ta samun ƙasa.
Mu arba'in da ɗaya ne,
ko ɗaya ba ta iya iyo ba.

A shekarar Makame ya cika,
ya bar jirage biyu, da inji, da gonar kwakwa,
da 'ya'ya mata biyu, da Mwanakombo.
'Yan'uwansa suka zo ta'aziyya da lissafi a aljihu.
Suka ce, zauna abinki, mu za mu ci da ke.
Ta ce, ban roƙi shinkafa ba.

Da ta fita takaba ta hau motar haya zuwa birni,
sau shida, da ruwan sha a gora da ciwon gwiwa,
har alƙali ya buɗe baki ya raba:
sulusi biyu na 'ya'yanta,
tumuni nata,
ragowar ta masu lissafi.
Ba alfarma aka yi mata ba, ta ce mana,
tun kafin a haifi kakan Makame aka rubuta wannan.

Mun zaci za ta yi rufin kwano.
Sai ta kira liman da shaidu biyu,
ta ce wakafi ne:
ƙaramin jirgi, rigunan ceto goma sha biyu,
da ladan Riziki, mai koyar da iyo,
yarinya sa'ar jikata.

Ranar farko na shiga da doguwar riga da ɗankwali,
na rungume jarka kamar jariri.
Maza na gindin kwakwa suna gyaran koma,
dariyarsu ta riga igiyar ruwa isowa.
Na sha gishirin da zai isa miyar biki.
Riziki ta sa tafinta a bayana, ta ce,
kwanta, Bibi Tatu,
ruwa ba ya ɗaukar mai kokawa da shi.
Na kwanta.
Ashe haka sama take da faɗi.
Shekara talatin ƙasa nake kallo.

Vuai, maigidana, kwana tara bai ce mini uffan ba.
Ran na goma ya ce, mace a tsakiyar teku?
Na ce, da ka gan ni a ƙarƙashinsa fa?

Girbin farko buhu bakwai, ja wur, mai kauri.
Aka auna, aka ƙirga mini a tafina.
Vuai ya miƙo hannu bisa sabo,
na dube shi, ya dubi hannun, ya sosa ƙeya da shi.
Na ƙulle kuɗina a bakin zane.
Ran kasuwa na sayo masa tabarau,
don raina ya so, ba don an ce ba.
Abin da ya saura na cire kaɗan na jefa a gwangwanin ƙungiya:
riga ta sha uku tana nan tafe.

Ita kuwa Mwanakombo har yau ba ta iya iyo ba.
Gwiwa ta hana.
Tana zaune kan kifaffen kwale-kwale da carbi,
in mun doso gaɓa da la'asar
sai ta ajiye tasbihin ta koma ƙirga kawuna.
Ba ta tashi sai sun cika.