Waɗanda Aka Haifa Wajajen

Ƙarfe biyu na dare, Zango ta yi tsit,
ni da babbar na'ura muke gadin fanshon tsofaffi.
Fanka uku ke yi mata fifita, ni ko ɗaya.

Ranar Talata sabon tafinta ya iso daga Yamai.
Abin da tsohon ke tauna har kiran assalatu
shi kafin shayina ya huce ya haɗiye.
Barira ta tafa: "Ka ga aiki!
Yau ma sai ka ce da tsohuwar zuma ake magani?"
Ban tanka ba. Ni ma ya burge ni.

Sai ga takarda ta fito da jan layi:
mutum ɗari huɗu da sha ɗaya ya ƙi.
Wai ranar haihuwarsu sifili, watan ma sifili,
kalanda ba ta san irin wannan rana ba.

To, ina laifinsu?
An haife su wajajen shekara kaza,
damanar da kududdufin Birni ya cika,
ko kakar da gyaɗa ta yi kuɗi.
Tsohon tafinta ya san haka, ko dai bai sani ba,
yakan kau da kai su wuce,
kamar mai gadin da ya san fuskar kowa.

Na bi sunayen da yatsa.
Na saba'in da uku: Tanimun Ɗan Jimo.
Shi ya rubuta tsarin nan tun ina goye,
ga sunansa a saman layin farko,
ga shi kuma a ƙasa, cikin korarru.
Jiya na hange shi a Kasuwar Dole
yana tayin goro, tabarau ɗaure da zare.

Na san tsohon ba zai dawwama ba.
Masu shi sun ce baɗi ba ruwansu da shi,
in ya faɗi, babu mai ɗaga shi sai ni.

Duk da haka daren nan shi na mayar.
Sabon ya jira a ɗakin gwaji
har in koya masa, layi bayan layi,
cewa sifili ma rana ce a Damagaram.

Barira ta ja kujera, ta ce, "Daga wane layi za mu fara?"
A waje ɗan garuwa na farko ya wuce,
jarkokinsa babu ruwa tukuna.