Tsagar Bangon Kakata

A Valparaíso gidaje ba zama suke ba, maƙalewa suke
kamar awaki a gefen dutse,
ƙafa biyu a ƙasa, biyu a iska,
teku daga ƙasa yana jiran wanda zai zame.
Makarantarmu na gindin tudu, bayan tashar jiragen ruwa,
inda ƙarnin kifi ke gaisawa da ƙurar siminti.

Ranar farko Malam Evaristo bai ce mana sannu ba.
Hannun hagu ya ɗaga, yatsu huɗu.
Ya ce, "Na biyar yana wurin zarto.
Ku ƙirga naku yau,
da su nake so ku fita cif ranar da za ku gama."
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Mu ashirin da uku ne a ajin.
Nahuel zane ya sa a gaba, gidaje masu tagogi har sama,
fensirinsa ba ya sauka daga bayan kunne.
Maite ta zaɓi walda, tana son wutar da ba a kallo da ido tsirara.
Ni bulo na zaɓa, ban san dalili ba,
hular kwano ta yi mini yawa, tana rufe mini gira.

Mako shida ina ɗora bango ɗaya.
Yashi uku, siminti ɗaya, ruwa sai ka saurara.
Tafin hannuna ya yi kanta, farcena ya yi fari.
Da ya kai ƙirjina na ja baya ina kallo
kamar wadda ta haifi ɗa mai kyau.

Malam ya zo da igiyarsa mai dalma a baki,
ya sake ta a gefen bangon.
Igiya ba ta san 'yar kowa ba.
Ta nuna rata, faɗin ɗan yatsa.
Sai ya jingina kafaɗa, ya tura sau ɗaya,
mako shida suka zube a ƙafafuna.

Ban yi kuka ba sai a banɗaki.

Da na dawo yana tsince bulon da bai fashe ba.
Ya ce, "Yasna, ƙasar nan tana juyi cikin barci.
Kafaɗata ba komai ba ce.
Wanda zai kwana bayan bangonki
bai san sunanki ba, amma ya ba ki ransa ajiya.
Ɗauko rodi. A sake."

Da yamma na hau matakala ɗari da tamanin zuwa gida.
Kakata Eduvigis na yanka albasa.
A bayanta kalandar shekarar da ta wuce tana rataye,
na daɗe da sanin abin da take rufewa.
Na ɗaga ta.
Tsaga ce, daga taga ta gangaro kamar jijiya.
A nan ba ƙadangare ke shiga ba, iskar teku ce.

Na ja layi da fensir inda ta tsaya, na rubuta kwanan wata.
Bayan wata guda ta wuce layin.

Kakata ta ce, "Kakanki ya gina shi da dare,
da katakon akwatunan jirgi da kwanon da ya tsinta.
Girgiza uku ya gani, yana nan."
Na ce, "Ta huɗun nake tsoro."
Ta daɗe tana kallon hannuwana,
kamar yau ta fara ganinsu.

Asabar mai zuwa Malam zai hau matakalar nan da gwiwarsa mai ciwo.
Nahuel zai zo da takarda, Maite da ƙarfe.
Kakata ta ce ba ta yarda ba tukuna,
amma ta tambaye ni mutum nawa za ta dafa wa wake.