Igiya Marar Nauyi

Malam Tapia ya zana tudu a allo,
layi guda a karkace, kamar sandar da aka jingina da bango.
Ya ɗora akwati biyu, ya haɗa su da zare,
ya ce, "Ku ƙaddara igiyar ba ta da nauyi,
gargaren kuma bai san gogayya ba."
Aji ya duƙa yana kwafa.
Ni na ajiye biro.

Ni 'yar Eusebio Catrileo ce,
mai tuƙa taragon tudu a Valparaíso.
Taragu biyu ne, igiyar ƙarfe guda:
in ɗaya ya gangara wajen teku
ɗaya ya hau wajen gidajen kwano masu launi,
tsayin da wannan ya rasa, wancan ya tsinta.
Na san haka tun ban san baƙi ba.
Amma ranar da aka sauya igiyar nan
ƙarti tara suka ɗauke ta, suna nishi,
kafaɗar babana ta yi wata tana ciwo.
Wai ba ta da nauyi!

Duk da haka na ja kibiyoyina.
Ɗaya ta nufi cikin ƙasa,
ɗaya ta tashi daga bayan tudu,
ɗaya ta bi igiya tana ja.
Na raba nauyi gida biyu bisa kusurwa,
na tara, na ɗebe,
sai ga hanzari ya fito tsaf
kamar kifin da aka zare wa ƙaya.

Da dare na kai wa Baba takardar.
Ya goge baƙin mai a wandonsa kafin ya karɓa.
Ya ce, "Da taragona zai yi wannan gudu,
da Herminia mai kifi da kwandonta
sun koma tekun da suka fito."

Na ce, ai an cire gogayya ne, Baba.
Ya yi shiru, yana juya tafinsa a fitila,
kanta kan kanta.
Ya ce, "To, abin da malaminku ya cire,
shi nake yi wa aiki shekara ashirin da shida."

Gobe akwai jarrabawa.
Zan ƙaddara duk abin da aka ce in ƙaddara,
don sai an share tsakar gida ake ganin allura.
Amma a gefen takarda, da fensir,
zan rubuta nauyin igiyar.