Mai Rubuta Haihuwa

Shekara talatin da huɗu ina meri,
tebur na biyu daga taga,
inda iskar fanka ba ta kaiwa.
Ni ke rubuta haihuwa.

Uba ya shigo da ƙamshin suya a rigarsa,
in tambaye shi sunan da aka raɗa,
in ɗora shi a kan layi,
magajin gari ya sa hannu a ƙasa.
Sunansa ake gani. Nawa babu.

Ranar sallama sun ba ni agogon bango
da buhun shinkafa.
Shinkafar ta ƙare kafin azumi.
Agogon yana nan, yana ƙirga mini zama.
Cima ta ce in daina guga tun asuba,
babu mai jira na.

Sai ran kasuwa, wajen masu albasa,
wani mai furfura a gemu ya riƙe ni:
"Malam, kai ka mai da ni Ila.
Illa ubana ya ce, ka ci harafi guda."
Da shi ya yi lakwal, da shi ya je Makka,
ya haifi 'ya'ya tara a kan kuskurena.
Yana dariya. Ni na kasa.

Akwai kuma yarinyar Jiratawa
da na rage wa shekara biyu don a ɗauke ta aji.
Ƙarya ce, na sani, na kai ta gaban Allah.
Bara ita ta duba mini ido a asibiti,
ba ta gane ni ba, ban faɗa ba.

Ban gina bene ba, ban haƙa rijiya ba.
Amma daga Bagalam har Zariya
rubutuna na kwance a ƙasan akwatuna,
cikin leda, tare da kuɗin likkafani,
gara na cin gefensa.

Inna kuwa ba ta da takarda.
An haife ta shekarar da gulbi ya ci gari,
iyakar abin da aka sani ke nan.
Jiya na sayi kaye na dala arba'in,
na zaunar da gwaggo Nayo a inuwar bedi,
tana kiran matattunmu ɗaya bayan ɗaya,
ina rubutawa.
Mun kai sittin da bakwai ta ce ta gaji,
in dawo jibi.

Na goge rigata tun yau.