Daren Ƙarshe Kafin A Kunna

Shekara sha tara ina hawa turakun lantarki a Lima,
in cire mataccen ƙwai, in ɗaura mai rai.
Samanmu launin ruwan wanki gare ta,
da dare ta yi ja kamar tsatsar kwano.
Taurari huɗu na sani,
ɗayansu ma ashe jirgi ne mai neman sauka.

Sai aka tura mu wani ƙauye a gindin dutsen Ausangate,
kwana uku a bayan babbar mota, kan naɗin waya,
can inda iska ke yi wa huhu rowa,
ganyen koka a kumatu, kai na sarawa.
Turke talatin da ɗaya muka kafa.
Gobe za a kunna.

Fitsari ne ya kore ni daga bargo.
Tocila ta mutu don sanyi,
na zagi batir, na zagi dutsen da na yi tuntuɓe da shi,
na ɗaga kai.

Wa ya ɓarar da gari haka?
Daga wannan tsauni har wancan,
buhu guda a kan baƙin zane, ba mai kwashewa.
Na ce hayaƙi ne. Na shinshina. Ba gobara.
Gwiwata ta saki, na dafa katanga
kada in faɗa sama.

Mama Eulogia, mai ɗakin dankalin da muke kwana,
tana bakin garke, lulluɓe har hanci,
jikarta Nelida na juya mini maganarta.
"Mayu," ta ce. Kogi ke nan.
"Shi ke ɗebo ruwan teku, ya hau da shi,
ya juye mana a gona."

Na tuna wani malaminmu da alli a hannu:
wai cikin faifan taurari muke zaune, can wajen gefe,
muna hango kaurinsa daga ciki.
Na ci jarrabawar. Ban taɓa yarda ba.

Na fara ƙirge. Ta yi dariya da haƙoranta biyu.
"Ɗan birni, haske kaɗai ka iya kallo.
Dubi inda babu."

Na dubi inda babu.
Can tsakiyar farin, duhu ya miƙa dogon wuya,
ga idanu biyu suna ƙyalli,
lama ce, raƙumarsu marar tozo,
ɗanta a ƙarƙashi yana tsotso.
Ga kwaɗo. Ga maciji. Ga dila yana bin sawu,
tun kakan kakanta bai cim musu ba.
"Tsakar dare takan sauko ta sha," in ji ta,
"ba don ƙishinta ba, da ruwa ya ci duniya."

Na yi shiru har yatsuna suka daina jin kansu.
Na ce, "Mama, turken ƙofarki in ya kama,
lamarki za ta dushe."

Ta tofar da tuƙar ganye.
"Rabona da zura allura bayan faɗuwar rana shekara bakwai.
Yarinyar nan kyandir ya cinye mata gira.
Kunna abinka.
Bayan tudu ba nisa, in na yi kewarta
ƙafa gare ni."

Da hantsi na hau turken da gwangwanin mai,
na yanka, na lanƙwasa, na yi wa fitilar malfa
don ta dubi ƙasa kawai.
Injiniya Huamani ya ce, wannan fa?
Na ce saboda ƙanƙara.
Ya duba takarda, bai ga gurbinsa ba, ya wuce.
Sauran talatin ɗin ban sami gwangwani ba.

Yanzu ga ni a Lima, bisa tsani, ƙwai a aljihu.
Wani lokaci, tsakanin cire wancan da ɗaura wannan,
nakan ɗan jinkirta.
Direbobi na ta oda a ƙasa.
Ni kuwa ina duban inda babu,
ko za ta miƙo wuya.